Matakin Hagu na Arabiyyar Inna

Saura kwana goma sha ɗaya a ga watan azumi, yayana Abdulghani ya aiko mini da saƙon murya cewa bana ba ni zan tura Inna a Umara ba. Ko kirana bai iya yi ba. Na saurari saƙon a tsaye a bakin sito, a tashar jiragen ruwa inda nake aiki, na sake saurara, sannan na nemi wani katako na zauna cike da haushi.

Shekara goma sha tara ke nan ina tura mahaifiyarmu a keken guragu, wanda mu mutanen Jidda muke ce wa arabiyya, tun ranar da hawan jini ya shanye mata ɓarin hagu. Kowane azumi sai na kai ta Makka, ɗawafi da Safa da Marwa, ba fashi ko sau ɗaya. Bana shekararta tamanin da huɗu, kuma likita ya ja ni gefe ya gaya mini halin da zuciyarta ke ciki. Ita ma ta sani, ba yarinya ba ce. To wannan Umarar ce Abdulghani ya zaɓa ya ce zai ɗauko mata ɗan haya ya tura ta.

Kafin in sami aikin sito, shekara goma sha biyu na yi ina tura tsofaffin alhazai a Harami. Da shi na yi aure, da shi na ciyar da gida. Hannuna ya san abin da ido ba ya gani. Ƙafar Inna ta hagu ba ta jin komai. In ta zame daga matakin ɗora ƙafa ta shiga jan ƙasa, Inna ba za ta sani ba sai ta ga jini. Mai turawa ne ke ji a hannunsa, arabiyyar takan ɗan rinjaya hagu. Shi kuwa Abdulghani ofis gare shi a unguwar Bagdadiyya, yana bin takardun iƙama, wato izinin zama, da biza, kuma a cikin shekarun nan sha tara abu mafi nauyi da ya taɓa riƙe wa Inna shi ne ledar magani.

Laifin da na yi shi ne na je gaishe da abokina.

Sunansa Gamini, mutumin Sri Lanka, mabiyin addinin Buddha. Shekara ashirin da ɗaya muka yi a sito ɗaya. Duk azumi, daga azahar zuwa la'asar, shi ke karɓe mana ɗaukar kaya masu nauyi ba tare da wani ya roƙe shi ba, kuma ban taɓa ganin ya sha ruwa a gabanmu ba. Lokacin da Inna ta kwanta, gidanmu a unguwar Ammariyya hawa na uku ne, ba lif. Wata bakwai Gamini yana zuwa duk Alhamis mu kama arabiyyar, ni baya shi gaba, mu sauko da ita a kai ta gashin ƙashi, mu dawo mu hau da ita. Shekaru biyu da suka wuce kaya suka zame suka karya masa ƙugu, ya koma ƙasarsu da sanda.

Da muke magana a waya ya ce mini tsohuwarsa ita ma ƙafa ta ƙi, shekara tara ba ta wuce tsakar gida ba. Na ba Inna labari muna shan shayi. A lokacin mun samo mata sabuwar arabiyya, tsohuwar tana jingine bayan ƙofa. Inna ta nuna ta da haɓa ta ce in kai wa uwar yaron nan, ta ce ƙarfe ne mai ƙwari, matakin hagu kawai ke faɗuwa, in nuna musu yadda ake mayar da shi. Ita ta ce, ba ni na ƙirƙira ba. Na ɗauki hutu, kafili, wato ubangidan da ya tsaya mini, ya sa hannu, Abdulghani da kansa ya fitar mini da bizar fita da dawowa. Da yake kwana goma zan yi, aka kai Inna gidansa ta zauna kafin in dawo.

Daga Kolombo jirgin ƙasa na shiga, wani shuɗi mai tafiyar hawainiya, wuni guda yana hawa. Ni Ɗan'azumi da aka haifa a Ammariyya, tsaunin da na sani shi ne na hanyar Ɗa'if, dutse tsirara da birai. Nan kuwa ko'ina kore, gonakin ganyen shayi sun lulluɓe tuddai, mata da kwanduna a baya suna tsinka, gajimare yana shigowa ta taga ya jiƙa wa mutum riga. Ƙauyensu Gamini yana can ƙarshen hawan. Sunansa har na baro harshena bai iya shi ba, duk lokacin da na gwada sai yara su fashe da dariya.

Ƙauye ne ƙarami, titi ɗaya, amma cike da baƙi. Rabinsu Turawa ne da jakar goyo da sanduna bibbiyu, sun baro ƙasarsu takanas don su hau dutse su sauko. Sauran masu ziyara ne, saboda a saman ƙauyen akwai tsohon wurin ibadarsu, da kogo mai ƙaton mutum-mutumin Buddha a kwance, da wata farar ƙubba marar ƙofa wadda ake hangowa daga ko'ina. Kwana na biyu na ga kowa na hawa, na ce ni ma ba a bar ni a baya ba. Na bi wasu Turawa da jallabiyata da silifas. Na kai inda ruwa ke zubowa daga kan dutse, abin sha'awa wallahi, na yi tasbihi, na dawo da matsattsaku biyar a ƙafa. Ƙanwar Gamini ta barbaɗa musu gishiri tana dariya har da riƙe ciki.

Mutanen nan sun karrama ni, kuma ina so a ji wannan da kyau. Sabuwar tukunya suka saya don girkina. Kifi da kwakwa da shinkafa, nama bai shigo gidan ba don kada in yi shakka. Ɗakin da suka ba ni sun cire hotunan da ke bango, Gamini ya duba alƙibla a waya ya manna takarda a kusurwa. In na tayar da salla, har rediyo suke kashewa. Tsohuwar kuwa, ranar da muka ɗora ta a arabiyyar Inna muka zaga da ita titin ƙauyen, kowa ta gani sai ta ɗaga masa hannu kamar mai neman ƙuri'a.

Ana saura kwana biyu in taho, wata ya cika sha huɗu, ranar ibadarsu ce. Da safe na ga tsohuwar ta sa fararen kaya, ta riƙe furanni a cinya, tana kallon ƙubbar ta taga. Gamini ya ce mini da guntun Larabcinmu na tasha, inda ake ce wa aboki sadik, “Sadik, shekara tara ke nan take sa kayan nan ta zauna a nan.” Bai roƙe ni komai ba. Ni na ce ya kawo arabiyyar.

Matakala ɗari da tamanin da shida ne, na ƙirga. Na juya baya, na kwantar da arabiyyar a kan manyan tayoyinta, ina ja taki ɗaya-ɗaya yadda muke yi a gidanmu. A wajen ta sittin numfashina ya fara yankewa. Wasu Turawa biyu masu saukowa, mace da namiji, suka ajiye sandunansu suka kama gaba. A ranar na daina yi wa masu hawan dutse dariya. Gamini yana biye da mu da sandarsa, ƙanwarsa na riƙe da lema.

Niyyata in tsaya a ƙofar farfajiyar. Na faɗa wa Gamini tun daga gida, ya ce haka ya dace. Amma da muka isa, farfajiyar duwatsu ce shimfiɗe, masu tudu da kwari, teburin da ake ajiye furanni kuma yana can bayan ƙubbar. Gamini ba ya iya tura komai, ƙanwarsa ta gwada tayar ta maƙale a rami. Tsohuwar ta waiwayo ta kalle ni. Na ce a zuciyata Allah ka san ba bauta ta kawo ni ba, tsohuwa zan kai inuwa in fito. Dokar wurin a cire takalmi da hula, na cire. Na yi bisimilla na kama.

Abin da ya faru daga nan, duk wanda ya taɓa yin sana'ata zai gane. Ƙafa ba takalmi a kan dutse mai zafi. Jama'a ko'ina cikin fararen kaya, suna tafe suna gunagunin addu'arsu. Tsohuwa a gabana, ginin a tsakiya. Kaina bai yanke komai ba, hannuna ne ya juya arabiyyar ya sa ginin a hagu, yadda ya yi sau dubbai a Harami. Su kuma ashe a dama suke sa nasu. Ba wanda ya gaya mini. Na nufi cikin jama'a kai-tsaye, gaba da gaba da wani ayari da ke ɗauke da doguwar lemar ƙyalle a bisa kawunansu, bakina kuma ya shiga abin da ya saba, ina cewa “Ɗariƙ, ɗariƙ ya hajja,” wato a ba da hanya.

Ayarin ya tarwatse gida biyu. Wani tsoho mai shara ya biyo ni da tsintsiya yana faɗa da yarensu. Tsohuwar tana bubbuga mini hannu, ni kuma na ɗauka sauri take so in ƙara. Sai na ji arabiyyar ta rinjaya hagu. Matakin ne ya faɗi, ƙafarta na jan dutse. Na taka birki, na zagayo gabanta, na durƙusa na sunkuyar da kai, na ɗaga ƙafar, na mayar da matakin na danna shi da tafin hannu. Da na ɗago, ga wani malaminsu mai mayafi ruwan goro a tsaye a kaina, yana murmushi, yana zana mini da'ira da yatsa ta ɗaya wajen. A nan na gane. Ko rabin zagaye ban yi ba.

Kunya ta kama ni, haushi ma ya kama ni, don mai sharar bai daina ba. Na juya arabiyyar, na kai ta inda dutsen ya daidaita, na miƙa wa ƙanwar Gamini, na fita na zauna a gindin wata bishiya da takalmana a hannu. Daga nan ina hango tsohuwar ta ajiye furanninta tana kuka. Da muke saukowa kuwa dariya take yi, duk wanda muka haɗu da shi sai ta ba shi labarin baƙon da ya bi hanya a juye. Na baro ƙauyen da buhun ganyen shayi na Inna da zuciya wasai.

Abin da ban sani ba, Gamini ya ɗauki abin a waya. Don murna ya tura a guruf ɗin waya na tsofaffin ma'aikatan sito, ya rubuta “ɗan'uwana” a ƙasa. Daƙiƙa arba'in ne duka. Kafin jirgina ya sauka Jidda, wani mai fitar da kaya a tasha ya tura wa Abdulghani, Abdulghani kuma ya tura a guruf ɗin dangi da “Innalillahi” a sama.

Me ake gani a ciki? Ɗan'azumi da farar jallabiya cikin masu fararen kaya, ba takalmi, ba hula, ginin a hagunsa, yana kiran ɗariƙ. Sannan ya durƙusa ya kifa kai kamar mai sujada, malaminsu yana tsaye a kansa. Arabiyyar ta kare hannuna, ba a ganin abin da nake yi. Kafin kwana uku Ammariyya ta gama shari'ata. A wajen mai wanki ɗawafi uku na yi, a wajen mai aski ya kai bakwai. Ni da sanƙo ya cinye kaina tun ina da talatin, aka ce aski na yi irin na malamansu. Matata Mastura ta daina zuwa sayen burodi da kanta. A masallacin unguwa wani da muka yi wasan ƙasa tare ya matsa ya bar tazara tsakanin kafaɗata da tasa.

Na kira Abdulghani na yi masa bayani dalla-dalla. Ya ce shi ba ya musu da abin da idonsa ya gani. Na ce Yaya, su kansu mutanen faɗa suka yi mini don na bi hagu, su dama suke bi. Ya ce ai shi ne abin ya fi muni, na ɗauki ɗawafin Ɗakin Allah na kai wa gunki. Na ce to da na bi dama fa? Ya ce da na bi addininsu ke nan. Wato ko ta ina na bi, Abdulghani yana can yana jirana. Ya ƙara da cewa arabiyyar da ta zagaya Ka'aba shekara sha tara na kai ta inda na kai ta. Sharaɗinsa ɗaya: in tsaya gaban dattawan dangi bayan Juma'a in sabunta kalmar shahada, in ba haka ba hannuna ba zai taɓa arabiyyar Inna ba. Inna kuma tana gidansa, ya ce ba za a nuna mata komai ba saboda zuciyarta, kuma duk lokacin da na kira sai matarsa ta ce tana barci.

Kalmar shahada ina yin ta a kowace salla, da ita nake kwana da ita nake tashi. Amma in miƙe gaban jama'a in yi ta don Abdulghani ya buga mini hatimi kamar takardar iƙama, wannan amsa laifin da ban yi ba ne. Mastura ta ce in yi kawai a wuce wurin, me zai ragu a jikina. Kwana biyu ban yi mata magana ba, ita da ba ta yi mini komai ba.

Ranar Juma'a na je Bagdadiyya. Ba don in yi abin da ya ce ba, don in ga uwata. Na tarar ya tara mutum shida a falo, Kawu Bello ƙanen Inna a tsakiya, an zuba gahawa ana jirana. Kawu ya fara da nasiha mai taushi, ya ce ɗan Adam ajizi ne, ƙofar tuba a buɗe take. Na yi ƙoƙarin yin shiru, Allah ya sani. Amma da Abdulghani ya ce “Yalla, ya akhi, faɗi mu tashi, halas,” sai na ji muryata ta cika gidan. Na tuna masa Alhamis ɗin wata bakwai, na tambaye shi inda yake lokacin da wanda yake kira arne ke ɗauke da uwarsa a matakala.

Ƙarar ce ta fito da Inna. Da hannunta mai lafiya ta riƙa bugun ƙofa har aka turo ta. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya ta tambayi wanda ya mutu.  Ta ce kwana shida ana yi mata raɗa a bayan kai, ita ba kurma ba ce, a ba ta jawwal ɗin, wato wayar. Abdulghani ya fara maganar likita. Inna ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne, ko da shi take magana “Yayanku” take cewa. Ta ce wa Kawu, “Bello, ka ce wa Yayanku ya miƙo.”

Ta kai wayar dab da hancinta ta kalla. Ta sa aka maimaita, ta sake sa aka maimaita. Falon ya yi tsit, sai muryata ke fitowa daga wayar ina kiran ɗariƙ a ƙasar mutane. A kallo na uku, da aka zo wurin durƙuson, sai ta yi tsaki.

“Matakin hagu ne ya sake faɗuwa. Na ce maka ka ɗaure shi da waya kafin ka kai musu.”

Na ce na ɗaure, Inna, matakalar ce ta kwance shi. Ta ce ƙafar baiwar Allahn ba ta ji ciwo ba dai? Na ce ɗan ƙujewa ne kaɗan.

Abdulghani ya ce, “Inna, ki duba ta inda ya bi. Hagu fa. Ɗawafi ne sak.”

“Hannunsa bai san wata hanya ba. Da dama ya bi, da na tambaye shi inda ya koya.”

Na ɗauka na tsira. Amma Inna ba ta gama ba. Ta juyo kaina ta ce shigata wurin ba ta so ba, da na tsaya a ƙofa na nemi mutanensu su tura, wannan kuma tsakanina da Ubangijina ne, ba na Bello ba, ba na masu shan gahawa ba. Sannan ta ce maganar ɗan haya a bar ta, ita tana da 'ya'ya maza biyu a raye, baƙo ba zai tura ta ba. Tunda Yayanku ya ce hannun wannan bai yi ba, to Yayanku ya tura.

Na buɗe baki, ta ɗaga mini yatsa. Ta ce ni in riƙe takalma, kuma kada in taɓa arabiyyar. Haka na fito daga gidan nan. An wanke ni, an kuma ƙwace mini abin da na zo nema. A mota na bugi sitiyari har hannuna ya yi tsami. Shekara sha tara, kuma wadda wataƙila ita ce ta ƙarshe a ba wanda bai san inda birki yake ba.

Ranar huɗu ga azumi muka tafi, da hantsi. Masu arabiyya a bene ake sa su, inda zagaye ɗaya ya ninka na ƙasa. Abdulghani ya ɗaura haraminsa a kan tumbi ya kama, ni ina biye da ledar takalma uku. Gaskiya ɗaya ce, ya yi taurin kai fiye da yadda na zata. Zagayen farko ya bugi dugadugan mutum biyu. Na biyu ya koyi sassautawa. A na uku gumi ya jiƙa masa baya sharkaf, numfashinsa har ina ji, amma bai waiwayo ba. Ni addu'a nake yi rabi, rabi ina kallon tayoyi.

A farkon na huɗu na ga arabiyyar ta fara rinjaya hagu. Sabuwa ce, matakinta lafiya lau, amma ya shiga kwana da ƙarfi ƙafar ta zame. Abdulghani ya ɗauka gajiyarsa ce, ya ƙara danna hannun dama yana gyara hanya. Inna tana ta tasbihinta, idonta a kan Ka'aba, ba ta san komai ba. Na yi taku goma ina jiran ya ji. Na ce Yaya, bai ji ni ba saboda hayaniya. Sai na hango ɗan jan layi siriri a kan farin dutse.

Na yar da takalman. Na sha gabansu, na tare arabiyyar da gwiwa, na durƙusa na sunkuyar da kai. Fatar babban yatsan ta ɗaye, safar ta huje. Na ɗaga ƙafar na mayar a mataki, na naɗe yatsan da hankicin da ke cikin bel ɗina, na gyara mata zani. Jama'a suna ratsa mu hagu da dama. Na ji tafin hannun Inna a kan sanƙona.

Ba ta kalli Abdulghani ba. Gabanta take kallo da ta ce, “To, Yayanku, ga sujadar. Ka gan ta kusa.”

Abdulghani yana tsaye yana haki, ya kalli yatsan, ya waiwaya ya kalli jan layin da ya bari a baya. Na jira ya ce wani abu. Har yau ina jira, kuma saƙonsa na nan a guruf ɗin dangi bai goge ba. Abin da ya yi kawai, ya saki arabiyyar, ya koma baya ya tsince takalman ɗaya bayan ɗaya ya zuba a leda.

Na tsaya ina kallon Inna, don ita ta hana ni. Ta ce me nake jira, saura huɗu, kuma rana na yi. Mariƙin ya jiƙe da gumin yayana. Na goge shi da gefen haramina, na saki birki, na ce ɗariƙ.